Shekarar da Na Sassaƙa Ɗan Aike

Abin da zan rubuta muku a nan shi ne yadda muka raba gandu da Baffanku Sale, domin na ji labarin yana yawo a bakinku iri-iri, kuma babu wanda ya faɗe shi daidai. Wasu sun ce matanmu ne ba su jitu ba. Wasu sun ce kuɗin kifi ne ya rufe mini ido na raina ɗan'uwana. Autarku ma ta taɓa tambayata ko gaskiya ne Baffa korata ya yi. Duk babu ko ɗaya. Uwarku da matar Sale har gobe su suke yi wa juna kitso, kuɗin kifi kuwa da yana sa girman kai da kun gani a rigar da ke wuyana. Abin da ya raba mu wani guntun katako ne da bai wuce kamu ɗaya ba, wanda na sassaƙa da hannuna, da kuma wurin da katakon nan yake kai mini ƙugiya.

Ku dai kun tashi kun ga ruwan dam ɗin Challawa kamar tun fil'azal yana nan. Mu kuwa a ƙarƙashinsa aka yanke mana cibiya. Can garinmu yake, da masallacinsa da marinarsa da fadamar da muke noman rake da albasa, can kuma maƙabartarmu take. Mahaifinmu ya rasu ba da daɗewa ba kafin a tashe mu, ni da Sale muka sa shi a kabari da hannunmu. Da aka ce ruwa na zuwa, mun kwashe abin da zai kwasu, har azarar ɗaki da dutsen niƙan Inna, wato mahaifiyarmu. Kabari dai ba ya kwasuwa. Muka yi masa addu'a muka hau tudu, inda aka yanka mana fili a gefen hanyar Karaye zuwa Rogo.

Tun Baba na raye a gandu muke, bayan rasuwarsa kuma Sale ya gaje shi, tunda shi ne babba. Da safe kowa na gonar gandu har azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, mata suna karɓar girki bi da bi, Sale ne mai fitar da hatsi. Ba na jin a ƙasar Karaye akwai mai gandun da ya fi shi adalci. In ya sayo atamfa wa matarsa, irinta zai sayo wa uwarku Hajara. Sai dai mutum ne mai ƙarancin magana, kuma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka tura kuka da kafaɗa. Ni kuma ga ni da surutu da ƙiriniyar hannu, ba na ganin abu ban kwance shi na ga cikinsa ba. Inna takan ce ɗayanmu ya kwashe bakin, ɗayan ya kwashe nauyin.

Ƙasar da aka ba mu a tudu ba ta san mu ba, mu ma ba mu san ta ba. Gonar gandun jigawa ce mai shanye taki, gayaunata kuwa marmara ce zalla, in ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Tun kafin bazara ta yi nisa rumbu ya fara amsa kuwwa. Mun koma cin tuwo sau ɗaya, miyar kuka tsararo, yara duk sun yi wuya. Ina kallon Sale yana auna hatsi yana rage hannu, yana kau da kai don kada ya haɗa ido da mai karɓa. A nan ne na fara gangarawa bakin ruwa da yamma, tunda lokacin gayauna nawa ne, kuma gayaunar ba ta da abin ba ni.

A lokacin masunta sun zo daga wajen Yauri sun kafa bukkoki a bakin dam. Akwai wani dattijo a cikinsu, Mamman, mai wani tsohon kwalekwale da ke yoyo. Ni kuwa na yi cin rani a Rogo wajen wani kafinta, Malam Tanko, na iya riƙe zarto da gizago. Na toshe masa jirgin, shi kuma ya ce in riƙa ɗauka duk lokacin da ba ya aiki da shi. Ka'idar sarkin ruwansu ita ce sararin ruwa na masu manyan taruna ne, irin su kalli da birgi, kowa da wurinsa, amma mai fatsa yana iya jefa ƙugiyarsa inda babu tarun kowa. Inda babu tarun kowa kuwa wuri ɗaya ne, wato kan tsohon gari, domin itatuwan da ruwa ya cinye suna yayyaga taru. Mamman ya gaya mini a nan giwan ruwa take kwanciya, cikin rassa, tana jiran ƙananan kifi. Matsalar ita ce jirgi ba ya shiga. Reshen da ba ka gani zai iya huda shi ko ya kifar da kai, kuma ko ka lallaɓa ka shiga, da ta ji motsin filafili ta nutsa. Sai in tsaya daga gefe ina kama 'yan karfasa kamar tafin hannun yaro, ina jin manya suna fantsama ruwa can ciki inda hannuna ba ya kaiwa.

Wata Asabar wani mutumin Kano ya zo da jirgi mai inji, irin masu kamun kifi don nishaɗi. Na ga yana tafiya a hankali daga bakin itatuwa, ga wani jan abu na roba yana binsa, amma ba a bayansa ba, can gefe guda, yana tsaga ruwa shi kaɗai kamar agwagwa. Zaren ƙugiyar a jikin abin yake. Jirgin na sarari, ƙugiyar na bin gefen rassa. Ban gama mamaki ba sai ga shi ya jawo giwan ruwa. Da ya fito na bi shi na gaishe shi, na roƙe shi in taɓa. Mutumin kirki ne, ya miƙo mini, ya ce daga waje aka kawo masa. Na juya shi, na auna da taƙina, na shafa bakinsa na ji an fere shi a karkace, na ji ƙasansa ya fi samansa nauyi. Na mayar masa na yi godiya. Tun a hanyar gida na san abin da zan yi ranar kasuwar Rogo.

Na farko da maɗaci na yi shi, don a tunanina abin ruwa sai katako mai ƙarfi. Ina sa shi a ruwa ya soke kai ƙasa, ina tuƙi yana jan jirgin kamar na ɗaure jaki. Na koma wajen Malam Tanko, ya tono mini guntayen farin katako marar nauyi, irin wanda ake benci da shi. Na yanka tsawon kamu ɗaya, faɗin tafin hannu. Na fere bakin gaba a karkace da gizago, na bi shi da magagari har ya yi sumul, domin wannan karkacewar ita ce duk sirrin: ruwa ya bugi bakin, ya tura katakon gefe. Don ya tsaya a kan gefensa kada ya kwanta, na sassaƙa kwari a ƙasansa, na narka dalmar tsohon batir a gwangwani na zuba. Sai zoben waya inda igiyar jirgi za ta kama. Wannan zoben ya ba ni wahala fiye da komai. In ya yi gaba da yawa, katakon ya biyo bayan jirgi kamar ɗan akuya. In ya yi baya, ya yi ta juyi yana tuntsurawa. Na huda katako har ya koma kamar rariya kafin in gane wurinsa, kusa da gaba amma ba can baki ba. A wutsiya na ɗaura ɗan tsagin gora da robar tayar keke, ya cije zaren ƙugiya, yadda in kifi ya fizga zai saki, ka yi kokawarka da kifi kai tsaye, katakon na gefe yana jiranka. Daga ƙarshe na shafe shi da jan fenti, don kada ya sha ruwa kuma in riƙa hango shi.

Giwan ruwa ba ta kula tana, sai abin da ke walƙiya yana gudu. Sai na ɗauki cokalin ƙarfe, na yanke mariƙin, na huda shi gaba da baya na sa ƙugiya. Na farko reshe ya cinye, na biyu ma haka. Ran nan ina laluben kwandon kwanuka sai na ji uwarku a bayana.

"Maigida, cokulan nan da na zo da su gidan nan, aljanu ne ke kwashewa ko kuwa?"

"Aro na yi. Za su dawo da riba."

"To, Allah ya sa. In sun ƙare sai ka koma kan ludayi, mu sha koko da hannu."

Katakon na yi guda biyu don in sa ɗaya dama ɗaya hagu, amma saboda ɗoki na fere su fuska ɗaya. Da na sake su, na dama ya tafi dama, na hagu ma ya ce shi dama za shi, ya kutsa ƙarƙashin jirgi ya harɗe igiyoyin duka. Mamman na bakin gaɓa ya yi dariya har ya zauna a laka. Da na gyara, na sake fita, suka buɗe kamar fukafukai, sai ya daina dariya ya tashi tsaye yana kallo.

"Habu," ya ce, "wannan ai ɗan aike ka samu. Kai kana nan, shi ya je ya isar da saƙo."

Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Ranar da ya fara kamawa, da la'asar ce. Ina tuƙi a hankali daga gefen wata kuka da kanta ya leƙo saman ruwa, ɗan aike na bin bakin rassa, sai na ga ya yi baya da ƙarfi, zare ya fita daga gora ya miƙe. Kifin ya ja ni da jirgin gaba ɗaya, zaren ya yanka mini yatsu, ban ma ji ba sai daga baya. Giwan ruwa ce. Da na sa ta cikin jirgi, tsawonta ya kai daga ƙafata zuwa ƙugu. Na saɓa ta a kafaɗa na hau tudu, yaran unguwa na bina. A al'adar gandu, babban abu in ya shigo gida ta hannun mai gandu yake bi, ko da a lokacin gayaunarka ka same shi. Don haka ban shiga da ita wajen mata ba, na shimfiɗa ta a zaure gaban Sale.

Na daɗe ban ga haƙoransa ba sai ran nan. Ya shafa bayanta, ya yi hamdala, ya ce a kawo wuƙa, a fitar da na maƙwabta da na liman. Yana wasa wuƙar ne ya tambaye ni.

"A ina ka same ta?"

"Gefen kukar nan da ta leƙo, Yaya."

Hannunsa ya tsaya.

"Kukar bakin maƙabarta?"

"A'a, ta marina ce. Maƙabarta ai tana gabas, wajen tsamiya."

"Tsamiya na bayan masallaci. Kukar nan a gindinta muka ajiye makarar Baba."

Ya ajiye wuƙar, ya goge hannunsa a ƙasa, ya ce in raba yadda na ga dama. Daren nan gidan ya cika da ƙamshi, yara suka ci har suka yi barci da maiƙo a baki. Sale ya ci tuwonsa gaya.

Kada ku ɗauka jahilci ne. Shi da kansa ya je ya tambayi malamin unguwa, malam ya ce kifin ruwa halal ne, ba a bin diddigin inda ya yi kiwo. Sale ya dawo ya gaya mini hakan da bakinsa, bai ɓoye ba.

"To, shi ke nan, Yaya," na ce.

"Ban ce haram ne ba, Habu. Cewa na yi ba zan iya ba. In na kai loma baki, fuskarsa nake gani."

Bai hana ni fita ba, bai hana iyalinsa ci ba. Ni kuma na ci gaba, domin ɗan aike ya fara ciyar da gida. Wani mu ci, wani Hajara ta banda a kai kasuwar Karaye a sayo dawa a zuba a rumbu. Amma tukunyar miya ɗaya ce, kuma ko ranar da ba a sa kifi ba, Sale ya ce yana jin ƙarninsa a jikinta. Sai ya zamana kullum ga mu a tabarma ɗaya, kwano ɗaya, ni ina tsoma loma a miya, shi yana barbaɗa gishiri yana korawa da ruwa. Yara na murmurewa, shi yana zubewa, ga damina ta faɗi, shi ne a gaban kunyar noma tun asuba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi fushi da shi ƙwarai a lokacin, ina ganin da gangan yake horar da ni da yunwarsa. Yanzu na san ba haka ba ne, amma a lokacin miyar ba ta yi mini daɗi a baki.

Na gwada barin wurin. Na kai ɗan aike yamma, na kai shi bakin kwari, duk inda babu itace babu giwan ruwa, inda kuma take akwai, tarun wani na kai. Sai na ce wa Sale mu je tare ya gani da idonsa, in kukar maƙabarta ce na bar ta har abada. Bai taɓa shiga jirgi ba, amma ya yarda. Wata Juma'a da hantsi, ranar da ba a zuwa gonar gandu, ya zauna a tsakiyar kwalekwale ya riƙe gefe da gefe da hannu biyu, na tuƙa mu.

Na ɗauka da mun isa magana ta ƙare. Na nuna masa kukar, na ce ga reshen da ya karye shekarar da aka yi iska, wanda ya faɗa ramin marina. Ya ce reshen da ya karye na kukar maƙabarta ne, shi ya sare shi aka yi itace. Na ce to dubi dutsen can na tudu, daga marina saitinsa ake gani. Ya ce daga maƙabarta ma ana ganinsa. Muka nemi tsamiya, babu ita, ruwa ya shanye. Muka nemi dabinon gidan liman, muka ga kan dabino har biyu, ba mu san wanne ne ba. Mu biyu, a garin nan aka haife mu, babu lungun da ba mu taka da ƙafa ba, ga mu a kansa muna juyi kamar baƙi. Tun ina gardama da ƙarfi har muryata ta yi ƙasa, domin na fara jin ni ma ban tabbata ba. Na tabbata dai a raina, amma ba irin tabbacin da zan dafa Alƙur'ani a kai ba.

Can sai Sale ya saki gefen jirgin, ya ɗaga hannu, ya yi sallama ga mutanen kabari yana fuskantar kukar. Ya juya gabas ya sake yi. Ya juya kudu, ya juya arewa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ni ma na ajiye filafili na yi ta amin.

Da muka juyo, sai ya ce in saki abin ya gani. Na saki na dama, ban sa ƙugiya ba. Ya bi shi da ido yana tsaga ruwa yana nisa da mu, jan fentin na sheƙi.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Hannunka na Baba ne."

Sai da muka kusa gaɓa ya ƙarasa.

"Ba za ka iya ce mini ba a kansa kake ba. Ni ma ba zan iya ce maka a kansa kake ba. Na ga wuyan yara ya cika, ba zan ce ka bari ba. Amma ni na gaji da zama baƙo a kwanon gidanmu. In ka bar ruwa, gandu na nan yadda Baba ya bar shi. In ba za ka bari ba, in an yi girbi mu raba, kowa ya ci abin da ransa ya kwanta da shi. Kai za ka zaɓa."

Na yi kwanaki ban taɓa ɗan aike ba. Na ga Hajara ta koma auna garin tuwo da ɗan ƙaramin kwano. Daga ƙarshe na shiga ɗakin Inna. Ku da kuka san ta kun san ba ta kama sunan Sale, ɗan fari ne, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Ni ne take iya yi wa magana. Na same ta tana kaɗi, na zayyana mata komai, na ce ta yanke mini.

"Ni ba zan yanke ba," ta ce. "Wancan ɗin gaskiyarsa yake bi, tun yana yaro haka yake. Kai ma taka kake bi."

"Ke fa, Inna? Kina cin kifin nan. Ba ya damunki?"

Ta ajiye mazarin.

"Ku ubanku ne, ni mijina ne. Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa barina na kwana da yunwa ba. In ma a kansa kifin nan yake kiwo, to shi ne dai yake ci da ni har yanzu. Ni haka nake ci. Amma kada ka kai wa yayanka wannan magana, shi ba zai ji ta haka ba."

Ban kai masa ba. Na fito na zauna a ƙofar gida na dubi rumbu, na dubi gonar tudu, na yi lissafin da kowane magidanci yake yi. Ko damina ta yi kyau, jigawar nan ba za ta kai mu wata kaka ba, mu da yaranmu. Na san in na bar ruwa za mu zauna tare, mu yi yunwa tare, kuma Sale zai ɗora wa kansa laifin kowane yaro da ya rame. Washegari bayan sallar asuba na bi shi har bakin gona na ce masa na zaɓi ruwa. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa albarka, ya duƙa ya ci gaba da noma. Na duƙa kusa da shi muka ƙarasa kunyar.

Da aka yi girbi ya kira dattawan unguwa biyu suka zauna. Ya raba dammunan dawa da gero, ya raba gona, ya raba fartanyu da awaki, har igiyar guga. Inda abu bai rabu daidai ba, ya tura mini mai yawan. Inna ta ce ita a ɗakinta za ta zauna, kowa ya kawo mata. Muka kafa zana a tsakar gida ni da shi, yana riƙe dirka ina ɗaurewa. Ba a ɗaga murya ba, ba wanda ya kori wani.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Ɗan aike ya riƙe mu. Masu fatsa suka riƙa zuwa ina sassaƙa musu, har daga Rogo da Tudun Kaya, da shi aka yi muku makaranta. Amma daga shekarar nan ban ƙara noma kunya ɗaya da ɗan'uwana ba. 'Ya'yansa mata ne a fari, mazan ƙanana, sai ya zama shi kaɗai a gona. Nakan hango shi daga ruwa, ɗigo ɗaya a kan tudu, yana duƙe. In na ce zan zo in taya shi, sai ya ce gandu ya rabu, kowa da safiyarsa. In na aika masa hatsin da na saya, ya karɓa ya yi godiya, bai taɓa tambayar da kuɗin me aka saya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ya tsufa da wuri, kuma na san da hannuna biyu suna gonar da bai tsufa haka ba. Wannan yana ci mini rai har yanzu. Ban yi nadamar zaɓin ba, da za a maimaita shi zan sake, amma ba kyauta na same shi ba.

Ranar da muka kafa zanar, da magariba, hayaƙi biyu ya tashi a gidan da bai taɓa ganin biyu ba. Matar Sale ta miƙo kwanon tuwonsu ta kan zana, kamar yadda ake yi tsakanin maƙwabta. Ni ban san abin da za mu mayar ba. Ashe Hajara ta riga ta aika kasuwar Karaye an sayo mata sabuwar tukunyar ƙasa da sabon ludayi, ta yi miyar kuɓewa daban a murhun gefe. Ta zuba, ta rufe da faifai, ta miƙa.

Muna zaune muna jin motsinsu ta cikin zana. Aka ajiye kwanon, aka ɗaga faifai. Sai muryar Sale.

"Hajara, a wace tukunya aka yi?"

"Sabuwa ce, Yaya. Ba ta taɓa ganin kifi ba, kuma ba za ta gani ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Can na ji ya jawo kwanon, ya ce bismillah.

Rabon da ya ci miya tun farkon damina. Daga wannan rana har ranar da Allah ya karɓi abinsa, kullum kwanonmu na tsallaka zanar nan, kullum yana dawowa a sharce.